Kogon wasa da kuɗi kaɗan: abin da masu yi suka ba da shawara

Masu buga Dungeons & Dragons, wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974, sun tattauna yadda za a haɗa ɗan ƙaramin kogon da ake ɗorawa a kan teburin wasan a gida ba tare da sayen na kanti mai tsada ba. Galibinsu sun tsaya a kan farin soson da ake naɗe firji ko talabijin da shi. A fasa shi da hannu, ba da wuƙa ba, don gefen ya fito da gargada kamar dutse, sannan a liƙa shi a kan kwali mai kauri da farin gam na kafintoci.

Wajen fenti aka fi jan hankali. Fentin feshi yana narkar da soso, don haka a fara shafa gam haɗe da yashi, a bar shi ya bushe. Sai baƙin fenti, sannan toka-toka da burushin da aka goge kusan ƙaf, ya taɓa tudu kawai ya bar ramuka da duhu. A ganina wannan matakin ne ke fitar da kogon.

Wasu sun ƙara cewa a yanka gutsure-gutsure masu sauya wuri, a kuma zana murabba'in inci ɗaya a ƙasa, tunda a wasan kowanne ƙafa biyar yake nufi.