Gidan ƙasa a ƙauye da yara ƙanana a hannu: mu tare yanzu ko mu jira?

Maman Tagwaye, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa gini a ƙauye da yara a gindinsu. Mun samu fili a wani ƙauye gaba da Pitowa, a kan hanyar Gidar, nan arewacin Kamaru. Jauro, wato mai unguwa, ya shaida, lawan, wato dagaci, ya sa hannu. Haya a Garwa ta ishe mu, ga ɗakin bulo da rufin kwano, in Maris da Afrilu suka zo zafi ya haura digiri 40 sai ya koma tanderu. Tagwayena shekararsu biyu, bayansu duk ƙurajen zafi, yayarsu kuma tana da biyar.

Niyyarmu ginin ƙasa, da rijiya, da sola ko da ta ƙwai uku da cajin waya ce, da itatuwa, da ɗan lambun kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Dangin maigida suna ta dariya, wai mutane na gudun ƙasa mu muna komawa. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, maigidan direba ne, rabin wata yana hanyar Ngaundare, ni ce zan tsaya kan magina. Kuɗin da ke hannu ɗaki ɗaya da katanga zai yi kafin damina. Mu tare a hakan, kuɗin haya ya koma cikin gini, ko mu jira a gama? Rufi kuma, soro ko kwano?

Tsohon Magini, Gidar

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a niyya. Ƙasa ba ta cin amanar mai ita, ruwa ne abokin gabarta, ta sama da ta ƙasa. Kafin a buga tubali ko ɗaya, ki duba filin. In baƙar ƙasa ce mai darewa da rani, irin wadda ake dasa masakwa, dawar rani, kada a kafa ɗaki a kai, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, bango ya tsage. A nemi tudu mai jan birji. Tushe kuwa da dutse za a yi, wajenku ba a rasa dutse, ga tsaunin Tingilin nan kusa. A ɗaga shi ya kai gwiwa kafin tubali ya hau. In kina da kuɗin siminti buhu kaɗan, nan za ki zuba shi, kada ki shafe bangon ƙasa da shi, ɓawo yake yi ya faɗo, danshi kuma ya maƙale a ciki.

Batun rufi, zan faɗa miki abin da ba ki so. Soro ya fi sanyi nesa ba kusa ba, amma ruwan Garwa ya fi na Marwa yawa, kuma soro na son yaɓe duk shekara da gyaran indararo. Azarar giginya da gara ba ta ci ta yi wuya, ta yi tsada. Mace ita kaɗai da tagwaye, mijinta na hanya, wa zai hau sama in ya fara yoyo da tsakar dare? Ki yi kwano, amma bango ya yi kauri ya yi tsawo, kwanon ya zarce bango sosai, a shimfiɗa zana ko asabari a ƙarƙashinsa, a bar kafar iska a sama gefe da gefe. Ɗaki na biyu in kin zauna da gindinki sai a yi soro.

Anti Nas

'Yar'uwa, Baba ya gama maganar bango, ni ta yara zan yi, don aikina ke nan. Duk inda aka yi tubali akwai ramin da aka ɗebi ƙasa. Ruwan farko na sauka ya zama kududdufi, kuma ɗan shekara biyu ruwa kaɗan ya ishe shi halaka, ba ya ma ihu. Tagwaye kuwa kin fi ni sani, kina kama ɗaya, ɗaya ya ɓace. Ko dai a ɗebo ƙasar nesa da gida, ko a cike ramin kafin ki kawo su. Haka rijiya: a gina mata baki, a sa murfi mai kwaɗo. Bokiti da garwar ruwan kwaɓa ma a riƙa kifewa in an tashi aiki. Salga ta yi nisan mita 30 da rijiya, kuma ta kasance a gangare, ramin bakinta ƙarami.

Ni a ganina ba ɗaki ne ke nuna lokacin tarewa ya yi ba. Ruwan sha, salga, danga, inuwa, in waɗannan huɗu sun samu, ki tare ko ɗaki ɗaya ne. In babu su, ko bene aka gama kada ki je.

Sai sauro. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata da damina a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa. In kin tare, ki nemi mai rabon ƙauyen tun da wuri ya san da yaranki. Ki san asibitin da ya fi kusa, ki riƙe lambar mai babur ɗaya da zai amsa waya da dare. Batirin sola kuma a sama, cikin akwati, ruwansa na ƙona fata.

Ɗan Bongor, Cadi

Hajiya, ni dai na saɓa da masu cewa ki tare bana. Mu da ke bakin kogin Logon mun ga abin da ambaliyar 2024 ta yi, nan da Yagwa da ke tsallake, gidajen ƙasa ne suka fara zubewa. Filin da kika gani da rani ba ki san shi ba tukuna. Ki bari damina ɗaya ta wuce a kansa, ki je a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi ki ga inda yake kwanciya da inda yake bi. Ki tambayi tsofaffin matan ƙauyen, su ke zuwa itace, sun san kowane kwari. Takardar lawan kuma ki bi ta har ofishin filaye a fitar da ta gwamnati, saboda yaran nan ne za su gaji wurin.

Itatuwa kam kada su jira. Ki dasa darbejiya da zogale da ruwan farko, ki kewaye su da ƙaya saboda awaki. In akwai gawo a filin kada a sare, da rani yake ganye lokacin da ake neman inuwa.

Maman Tagwaye, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maganar ramin nan ta tsaya min a rai, don tun da aka fara kwaɓa Hassan ba ya da wurin wasa sai bakinsa, yayarsa kuwa ta buga nata ƙananan tubalan da gwangwanin tumatir ta jera a rana, ta hana kowa taɓawa. Na yi waya da maigida, mun tsaya a kan haka: bana tushe, ɗaki ɗaya, salga da bakin rijiya, a cike rami, a dasa itace. Mu ci damina a Garwa, in je in duba filin a Agusta kamar yadda ɗan'uwa na Bongor ya ce, mu tare bayan kaka. Ƙanwata za ta zo ta riƙe tagwaye ranakun da nake wajen magina. Hayar wata shida dai za ta ci kuɗin sola, sai mu fara da fitila mai caji.

Baba, tambaya ta ƙarshe: ɗakin da babu kowa ciki zai jure damina? Kuma me za a shafa wa bangon gabas, tunda ta nan ruwa ke dukansa?

Tsohon Magini, Gidar

Zai jure 'yata, in an rufa shi kafin ruwan farko kuma an yi wa ruwa hanya ya bar gindin bango. Bangon gabas a yi masa yaɓe da makuba, ɓawon ɗorawa ake jiƙawa a kwaɓa ƙasa da ruwansa. Ki tambaya a kasuwar Pitowa ranar Lahadi. In ba a samu ba, a jingina zana biyu a jikinsa, a ɗaure da kyau, a sauke bayan damina. Ki sa wani a ƙauyen ya riƙa buɗe ƙofar lokaci-lokaci yana duba gara.