Cikin tagwaye bayan dashen ƙoda: shawarwarin da aka tattara

Bakin likitocin ƙoda da na haihuwa ya zo ɗaya: kafin mace ta ɗauki ciki, a jira aƙalla shekara 1 bayan dashen ƙodar, ƙodar na aiki daidai, hawan jini ya lafa. Idan ta hanyar dashen ɗan tayi (wato a haɗa ƙwan mace da maniyyi a asibiti, a saka a mahaifa) za a nemi cikin, a saka guda ɗaya kawai don kauce wa tagwaye, domin ƙoda ɗaya ce za ta ɗauki nauyin uwa da jarirai.

Sai batun magungunan hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, irin su mycophenolate, azathioprine da tacrolimus. Mycophenolate na jawo ɓari da nakasar jariri, don haka a maye gurbinsa da azathioprine aƙalla mako 6 kafin ɗaukar ciki. Tacrolimus kuwa yakan ragu a jini yayin da ciki ke girma. A riƙa auna shi, kada jiki ya ƙi ƙodar.

Babbar barazana ita ce jijjigar masu ciki da haihuwar bakwaini. Don rage haɗarin jijjigar, a fara shan asfirin mai ƙaramin ƙarfi daga mako na 12 na cikin, a gwada fitsari kowane wata. Dashen ƙodar kansa ba ya tilasta haihuwa ta hanyar tiyata; kwanciyar jariran ce ke yanke hukunci.