Kyanwar da muke feɗewa a lab ta bushe ta yi fumfuna, ga jarrabawa ta ƙarato

'Yar Aji Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah masana ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Ina aji biyu a wata makaranta a nan Jos. Ni dama likitanci na nema, makina bai kai ba aka ba ni ilimin dabbobi, Baba ya ce in daure in ci da kyau ko Allah zai sa a samu canji. Da kuɗin fansho yake biya mana ni da ƙannena, kullum sai ya tambaye ni karatu, kuma in na faɗi wannan kwas ɗin maganar canji ta mutu. An raba mu rukuni-rukuni, mu biyar a kan kyanwa ɗaya, irin wadda aka adana da fomalin, maganin hana gawa ruɓewa, aka ɗura wa jijiyoyinta jan roba da shuɗi. Biyu ba sa zuwa, ɗaya kuma ɗaukar hoto kawai ya sani. Mun cire fata, mun fara tsokokin ƙirji, sai aka tafi hutun Kirsimeti. Da muka dawo ƙafafu da wuya sun bushe kamar kilishi, ga wani farin abu ya fito a kan cikinta da hammata. Ba mu buɗe ƙirji da ciki ba, jarrabawar furaktikal kuma mako mai zuwa ce, irin wadda ake soka fil a wani sashe na jikin kyanwar a ce faɗi sunan. Za ta gyaru? Sannan in na jima a kanta idona zuba yake yi, ƙirjina ya riƙa toshewa.

Baban Lab: Wa alaikumus salam 'yata. Ba ki faɗi abin da ya fi muhimmanci ba. Ina fatar? Da me kuka naɗe ta kafin hutu?

'Yar Aji Biyu: Baba fatar mun zubar, babu wanda ya ce mana a ajiye. Mun wanke ta sosai a famfo saboda warin, muka sa a leda muka ɗaure.

Baban Lab: To nan aka samu matsala biyu. Fatar ita ce rigarta. Ana tsaga ta ne ta tsakiyar baya, a bar fatar kai da ta tafin ƙafafu da wutsiya, sauran a cire ta ɗungurungum, in an tashi aiki a mayar a lulluɓe. Wankin famfo kuwa ya ɗauraye maganin da ke saman tsoka, ya bar mata ruwa zalla, shi ya sa fumfuna ta samu wurin zama. Inda iska ta shiga ledar kuma hunturu ya busar. Abin yi yanzu: ki sa safar hannu, ki jiƙa auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ki goge farin nan a hankali, kowace auduga shafa ɗaya ki jefar. Kada ki kankare shi a bushe, ƙurarsa za ki shaƙa. Daga nan ki je wurin mai kula da lab ɗinku ki ce ya ba ki ruwan jiƙo, wanda ake haɗawa da gilisarin da ɗan fenol. Shi zai haɗa, ba ke ba, fenol yana ƙona fata. Ki jiƙa farin ƙyalle da shi, ki naɗe ƙafafu da wuya, ki sa a leda biyu, ki matse iskar ki ɗaure. Ki rubuta sunan rukuninku da fensir, biro narkewa yake yi. Bayan kwana biyu za ki ga ta ɗan saki. Wurin da ya yi baƙi ya ƙage ba zai dawo ba, kada ki ɓata lokaci a kansa.

Ɗan Farin Gada: Ƙanwata, hanya mafi sauƙi ki tsoma ta cikin sabon fomalin, kashi ɗaya fomalin kashi tara ruwa, ta kwana. Fumfuna ba ta rayuwa a ciki. Sifirit ɗin da Baba ya ce sama-sama kawai zai kashe, kuma yana ƙara busar da nama.

Baban Lab: Fomalin ƙara sandarar da tsoka yake yi, aikinsa ke nan. Abin da ya bushe ka tsoma shi a ciki ka samu katako. Sannan ba ka karanta abin da ta ce game da ƙirjinta ba?

Likitar Dabbobi: Ni maganar ƙirjin ce ta tsaya min. 'Yar'uwa, kina da asma? Tururin fomalin yana tayar da ita, kuma tun 2004 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka sinadarin cikin masu haddasa kansa ga ɗan'adam. Takunkumin da ake saya a kemis ba ya tare shi, tururi ne ba ƙura ba. Abin da ke aiki shi ne iska: a buɗe tagogi ta ɓangare biyu, a kunna fankar da ke zuƙe iska waje in akwai, ki daina sunkuyar da fuska kan tire. Safar hannu ta naitiral ta fi ta roba zalla. Ki sa tabarau mai rufe gefe, in ya fantsama a ido ki wanke da ruwa mai gudana minti 15. Abin da ke ba ni haushi, sanyin Jos na watan Janairu yana sa ɗalibai su rufe kowace taga, ɗaki cike da mutane, tire goma a buɗe, kuma babu malamin da zai ce uffan.

'Yar Aji Biyu: Dakta ina da ita tun ina ƙarama amma ta daɗe ba ta tashi ba. Ba na so in faɗa wa lakcara, kada ya ce uzuri nake nema. Taga kuma in na buɗe 'yan aji ihu suke yi min.

Baban Lab: Ki faɗa masa, ki kuma riƙe abin shaƙarki a aljihu. Yanzu ga aikin da ya rage. In gefe ɗaya ya fi bushewa, ki zaɓi mai laushin ki yi tsokoki a nan, ɗayan ki bar shi. Aska ba ta da aiki a wannan matakin. Da hantsaki da ƙarfen tono mai dakushin baki ake raba tsoka da tsoka, kina bin inda zaren naman ya canza hanya. Kada ki haddace na mutum ki zo ki nema a kyanwa. Tirafiziyos ɗinta, wato tsokar saman baya, uku ne, deltoyid ta kafaɗa ma uku. A ƙirji akwai biyu da mutum ba shi da su, fektoantibirakiyalis, siririya a sama, da zifihumeralis can ƙasa, kuma fektoralis ƙarama a kyanwa ta fi babbar girma. Ƙashin wuyanta ɗan ƙarami ne, yana cikin tsoka bai haɗu da wani ƙashi ba, sai kin lalubo da yatsa.

Buɗe ciki da almakashi ake yi, dakushin bakin a ƙasa, kina ɗaga bangon cikin sama don kada ki huda hanji. Abin da za ki fara gani shi ne mayafin kitse da ya lulluɓe hanji. Ki ɗaga shi daga ƙasa zuwa sama, kada ki yanke shi. A ƙirji ki kauce wa tsakiya da kamar santimita ɗaya, ki bi ta guringuntsin haƙarƙari, ya fi laushi. Haƙarƙarinta 13 ne kowane gefe. Inda masu jarrabawa suka fi soka fil: babbar jijiyar da ta fito daga zuciya rassa biyu take fitarwa a lanƙwasarta, ba uku kamar ta mutum ba. Ƙodar dama ta ɗan fi ta hagu hawa sama, akasin mutum. Ba ta da afendis. In mace ce mahaifarta ƙaho biyu gare ta. A wuya kuma farin zaren da ke manne da jar jijiya ba kitse ba ne, jijiyar bagos ce mai kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, ɗalibai da yawa tsinke ta suke yi su yar.

Ɗan Farin Gada: Baba ka ce ta kauce wa tsakiya, amma a nan ne ake yanke jijiyoyin da ke bin bayan ƙashin ƙirji. Kuma kada ta dogara da launin robar da aka ɗura. A jijiyoyin huhu sau da yawa launin juyewa yake yi, wani lokaci ma robar ba ta kai ƙananan rassa ba, ko ta fashe ta cika wuri. Ta bi jijiya zuwa tushenta kawai. Ni dai shawarata ta roƙi a haɗa ta da wani rukunin da tasu ke da kyau, wannan ta riga ta tafi.

Maman Hanifa: Ni tambayata daban ce, daga ina ake samo waɗannan kyanwoyin? Mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Ya kamata makarantu su riƙa faɗa wa ɗalibai, ba a ajiye musu a tire kawai ba. Kuɗin furaktikal ana karɓa kowane zango amma ko safar hannu sai yaro ya je kasuwar Taminus ya saya da kuɗinsa.

Likitar Dabbobi: Hajiya tambayarki tana kan hanya, kuma sashen ne ya kamata ya amsa ta. Amma yarinyar nan numfashinta ne a gaba. 'Yar'uwa, ki je asibitin makaranta kafin ki sake shiga ɗakin nan.

'Yar Aji Biyu: Na gode duka, Allah ya saka da alheri. Maganar komawa wani rukuni ba za ta yiwu ba, ni na yi duk wahalar feɗe wannan, kuma ana ba da maki a kan wadda kuka yi. Wankin ma da dalili na yi shi, warin ne ya hana mu tsayawa a kanta. Asibiti sai bayan jarrabawa in sha Allah, layi ne zai cinye min yini. Mai kula da lab ya ce gilisarin ya ƙare sai an sayo. Baba, in na samu na kemis na haɗa da ruwa kawai babu fenol, zai yi? Ko in bi ta fomalin ɗin tunda shi akwai?

Ɗan Farin Gada: Ki bi ta fomalin.

Baban Lab: Kada ki kuskura. Gilisarin ɗin kemis kwalba nawa kika samu, kuma mil nawa ce?