Neman kalma: hanyar da kayan mayaƙa ke bi a wasan yaƙi

Bashir (Birnin Kebbi): Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan ɗora bidiyon koyar da wasan Unity of Command da Hausa, amma kalma ɗaya ta tsaya mini. Wasan bi-da-bi ne kamar dara, ka motsa rundunarka, kwamfuta ta motsa tata, a kan yaƙin Stalingrad na 1942 zuwa 1943. Ƙashin bayansa shi ne abin da Bature ke kira saflai layin: kaya su taso daga tushe, su bi layin dogo, motoci su ƙarasa da su. Rundunar da aka datse wa wannan, da farko ba ta murmurewa daga rauni, can ta kasa kai hari, in abin ya daɗe mayaƙanta su riƙa zubewa ba tare da an harbe su ba. Me zan kira shi? Sai kuma lojistik ɗin kansa, wato aikin tanadar wa mayaƙa kaya da kai musu.

Malam Umaru: Wa alaikumus salam. Hanyar guzuri.

Hadiza (Gusau): Malam, a gafarce ni. Guzuri tun daga gida matafiyi ke ɗaukarsa, in ya ƙare ya ƙare. Wannan kuwa kullum tafe yake, ga man mota da harsashi a ciki. Ni dai hanyar jigila, lojistik kuma jigilar kayan yaƙi.

Baba Garba (Argungu): Jijiyar yaƙi. A yanke ta, hannu ya mutu yana manne da jiki. Abin da yaron ga ya bayyana ke nan.

Nura: Yaya Bashir, ka ce saflai kawai. Haka muke faɗi a shagon gem, kowa ya gane.

Baba Garba: Nura, wannan ita ce cutar. Bature ne ya koya muna yaƙi? Bayan yaƙin Tsuntsuwa, yunwa ce ta sa jama'ar Shehu komawa Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, kafin su zauna Gwandu. Mutanen da suka ga haka da idonsu ba su rasa bakin faɗinsa ba. Jijiya nika cewa.

Hadiza: To madalla, Baba, yau an yarda Zamfara ta ciyar da mutane. Amma jijiyar taku ce, ba tasu ba.

Baba Garba: Tawa ce, ɗiyata, kuma ba laifi ba ne. Da daga Kano ta fito da tuni kun sa ta a littafi. Kabi da ta yi Kanta ba za ta roƙi kalmar yaƙi wurin kowa ba.

Malam Umaru: Alhaji, a bar zancen Kano. A gwada su cikin jimla. "An datse musu hanyar jigila" ta zauna. "An tsinke musu jijiya" ta fi daɗi, amma ya za ka ce jijiyar ta kai gida biyar daga layin dogo? Na janye guzuri, sai dai wurin da kaya ke taruwa a kira shi zango.

Nura: Zango kam ya yi. Amma jigila ai ta 'yan tasha ce.

Bashir: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: hanyar jigila, zango, sai ƙawanya in an kewaye runduna kamar yadda aka yi wa Jamusawa a Nuwamba 1942. Baba, zan yi amfani da jijiya wajen bayani. Lojistik har yanzu bai zauna mini ba, don ya haɗa da lissafi da tanadi, ba ɗaukar kaya kawai ba.

Baba Garba: Wajen bayani kawai? To, Allah shi ba da sa'a. Ni ban janye ba.

Hadiza: Ka sa tsarin jigila na wannan makon, mu ji abin da masu kallo za su ce.