Shawarwarin matan Aboabo kan masu jinyar tsofaffi

A zaman da matan unguwar Aboabo suka yi a Kumasi kan mataimakan nas, an fi daɗewa a kan magani. Mataimakiya ba ta ƙara ƙwaya, ba ta ragewa, ko da 'ya'yan majinyaci sun matsa mata. Wannan hurumin likita ne. Nata shi ne wanka, ciyarwa, da juya wanda ba ya tashi duk bayan awa 2, gudun gyambon kwanciya. In fata ta yi ja ko tsoho ya fara ruɗewa, ta sanar da nas nan take. An ja kunne sosai: sirrin ɗaki kada ya kai kasuwar Asawase, hoton tsohuwa kada ya hau WhatsApp. Batun karɓar kyauta kuwa, nan baki ya rabu.