Wata bakwai ina shan omeprazole, in ci gaba ne?

Maman Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Kusan shekara kenan ina fama da ƙwannafi da kumburin ciki, loma biyu zan yi in ji kamar na tashi da malmala uku, ga gyatsa ba dare ba rana. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce ya ba ni omeprazole, to wallahi yana min aiki amma da na bari kwana biyu sai ƙirjina ya ɗau wuta, yanzu wata bakwai kullum sai na sha.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaushe kike sha? Da yawa sai sun ƙoshi suke haɗiya, alhali da safe ake sha ciki ba komai, minti 30 kafin karin kumallo. Kuma kina shan maganin rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen? Su ne masu cinye cikin mutum.

Ɗan Kurmi:
Ki jiƙa kanwa kawai, ita iyayenmu suka sha.

Anti Nas:
Haba Ɗan Kurmi, kanwa ta kwantar na ɗan lokaci ne, ga gishiri a ciki, mai hawan jini fa? 'Yar uwa wata bakwai ya yi yawa ba likita ya gan ki ba, yawanci sati 4 zuwa 8 ake rubutawa a sake dubawa. Wutar nan da kike ji in kin tsaya, mai yiwuwa cikin ne ke ramuwa yana zubo asid fiye da da, shi ya sa ake janyewa a hankali ba rana ɗaya ba. Ki je asibiti a miki gwajin bayan gida na H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo olsa, amma sai kin yi sati biyu ba ki sha omeprazole ba, in ba haka ba gwajin zai iya cewa ba komai alhali ƙwayar na nan. In an same ta ana haɗa maganin ƙwayoyin cuta kala biyu da omeprazole ɗin na kwana 14, kuma a shanye duka ko da an ji sauƙi. Daɗewa a kan omeprazole yana iya rage bitamin B12 a jiki. In kuwa kin ga bayan gida baƙi ƙirin, ko aman jini, ko kina ramewa, ko abinci na maƙale miki, kar ki jira gobe.

Maman Ilham:
Innalillahi, ai diclofenac kusan kullum nake sha saboda ciwon baya, kuma a kemis ɗaya nake sayen su duka biyun. Na gode Anti, Litinin in sha Allah zan je in yanki kati.