Ciwon ƙirji a ƙaramin asibiti: layi ɗaya a gwajin tiroponin ya isa a sallami mutum?

Jami'in lafiya, karkarar Ringim:
Assalamu alaikum. Likitoci da 'yan lab, a taimaka da haske. Akwai kaset ɗin gwajin tiroponin (sinadarin da ke nuna raunin zuciya) mai kama da na maleriya, ɗigon jini ne sai a duba layi. Ƙaramin asibiti ne, babu ECG (na'urar auna bugun zuciya), babban asibiti kuma da nisa, balle da damina. Idan dattijo mai hawan jini ya zo ƙirji ya danne shi, yana ta gumi, awa ɗaya da farawa, aka gwada layi ɗaya ya fito, wato bai nuna tiroponin ba, za a iya ba shi maganin olsa ya koma gida?

Likita, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada a sallame shi. Tiroponin a cikin naman zuciya yake, sai naman ya ji rauni yake tsiyayowa cikin jini, kuma a hankali. Yawancin irin wannan kaset ba ya nuna komai sai sinadarin ya kai wajen 0.5 ng/mL, wato 500 ng/L, alhali injin manyan asibitoci yana kama 14 ng/L. Shi ya sa a kan ɗauki awa 4 zuwa 6 kafin layi na biyu ya fito. Layi ɗaya bayan awa ɗaya bai wanke zuciya ba ko kaɗan.

Ka fara da sanin lokacin da ciwon ya tashi. Mutanenmu ba sa lissafi da agogo, ka tambaye shi: kafin azahar ne ko bayan la'asar? Ka auna jini a hannu biyu. Ka ba shi asfirin 300 mg ya tauna, sai dai in yana bayan gida baƙi, ko jikinsa ba ya karɓarsa, ko ciwon kamar ana yaga shi ne yana ratsawa baya kuma awon hannayen biyu ya bambanta sosai. Oksijin sai in awon oksijin na yatsa ya yi ƙasa da kashi 90. Ƙwayar GTN ta ƙarƙashin harshe, mai buɗe jijiyoyin jini, ba a ba wanda lambar saman jininsa ta gaza 90, ko wanda ya sha maganin ƙarfin maza cikin awa 24 zuwa 48, don jini zai faɗi warwas. Wannan tambayar a keɓe za ka yi ta, ba a gaban iyalinsa ba. Allurar dikulofenak kuwa a bar ta, illa take yi wa zuciya.

Sannan a nemi mota nan take zuwa inda ake ECG. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya cikin awa 12 na farko take da amfani, kuma gwargwadon sauri gwargwadon naman zuciyar da za a ceto.

Ma'aikacin lab, Hadejia:
Ƙari kan na Likita. Ana ajiye kaset ɗin ne tsakanin digiri 2 zuwa 30. Zafin Afrilu a nan yana wuce 40, kwalin da ke ɗaki mai kwanon rufi yana iya lalacewa ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Kada a farke ledar kaset ɗin sai jini na hannu. A bi adadin ɗigon da takardar cikin kwali ta faɗa, a karanta a mintin da ta ce, yawanci 10 zuwa 15. Abin da ya fito bayan minti 20 ba sakamako ba ne. In layin C, mai nuna kaset ɗin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya ɓaci. Layin T kuwa, na tiroponin, ko dishi-dishi ne, ya fito ke nan.

Nas, Gumel:
Yallaɓai, a tuna da mata, tsofaffi da masu ciwon suga. Sau da yawa ba sa cewa ƙirji, sai haki, amai, kasala ko zafi a saman ciki. Kuma layi biyu ba kullum toshewar jijiyar zuciya ba ne: ciwon ƙoda yana kawo shi, haka ciwon zuciyar masu jego da ya yi yawa a Arewa. Mai jego da ke haki, ƙafa a kumbure, ba ta iya kwanciya sai an tara mata filo, a tura ta ko me kaset ya nuna.

Jami'in lafiya, karkarar Ringim:
Allah Ya saka da alheri. To in dangi sun ce sai gobe za su samu kuɗin mota fa?

Likita, Kano:
Ka zaunar da babbansu ka gaya masa ƙarara cewa zuciya ake zargi, kuma tana iya tsayawa cikin dare. In an rasa yadda za a yi, a kwantar da shi a asibiti, a sa masa kanula (robar ƙarin ruwa a jijiya), a riƙa duba jini da bugun zuciya duk minti 15 zuwa 30, a maimaita gwajin bayan awa 6 da fara ciwon. A takardar turawa ka rubuta lokacin da ciwon ya fara, lokacin kowane gwaji, da lokacin da ya tauna asfirin.